Takarda ta zo daga ofis: wai mu faɗi ko manhajar karatu tana aiki

Malama Hadiza: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema, don abu ya ɗaure min kai. Jiya aka aiko mana da takarda daga ofishin ilimi, kowane shugaban makaranta ya cike ya mayar kafin Alhamis. Tambaya ta huɗu cewa take wai yaya ingancin manhajar da ake koyarwa a makarantarka. Sai akwatuna huɗu: mai kyau ƙwarai, mai kyau, matsakaiciya, mai rauni. Ko layi ɗaya ba a bari ba na rubuta dalili. Shekarata goma sha tara ina riƙe da alli, biyar daga ciki ina shugabanci, amma wallahi na rasa da me zan auna. In da sakamakon ƙarshen zango ne, kusan duk yaranmu suna ci, tunda mu ke tsara tambayoyin, mu ke yin makin. In kuma da abin da idona ke gani ne, ina da 'yan aji biyar da ba sa iya karanta sunan makarantar da ke jikin bajen rigarsu. Wanne zan bi? Su kuma can ofis, in sun tara takardun nan, me za su gano a ciki?

Kofa Auwal: Malama ki sa "mai kyau" ki huta kawai 😂 Kowa abin da zai sa ke nan.

Malama Hadiza: Auwal, da hutun nake nema ai da ban kawo maganar nan ba.

Malam Nura Lissafi: Wa alaikumus salam. Ni ban ga wahalar tambayar ba. Jarrabawar cikin gida ba mizani ba ce, wannan na yarda da ke. Amma akwai ta waje, wadda ba ke kika tsara ba. Yara nawa suka ci ta shiga sakandare? Nawa suka ci ta kammala ƙaramar sakandare? In an je sama, nawa suka samu kiredit biyar har da Ingilishi da Lissafi a WAEC ko NECO? Mu nan Kano har kwalifayin ake yi wa 'yan aji biyu na babbar sakandare kafin gwamnati ta biya musu kuɗin jarrabawa. A jera sakamakon shekara biyar a duba, sama ake yi ko ƙasa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Sauran duk surutu ne.

Tsohon Sufeto: Nura, ɗana, ka yi sauri. Bari in ba ku abin da na kwashe shekaru ina gani a kan babur, ƙauye zuwa ƙauye.

Manhaja ba ɗaya ba ce, uku ce. Akwai wadda hukumar tsara manhaja ta ƙasa, NERDC, ta rubuta ta buga. Akwai wadda malami ya koyar a aji. Akwai wadda ta zauna a kan yaro. Tsakanin ta farko da ta biyu akwai rami, tsakanin ta biyu da ta uku akwai rijiya. Jarrabawar da kake magana ta uku kaɗai take taɓawa, ita ma ba duka ba. In yara sun faɗi, ba za ta gaya maka ko rubutun ne bai yi ba, ko kuwa ba a taɓa koyar da shi ba.

Ina aiki aka kafa dokar UBE ta ilimin matakin farko ga kowa a 2004, ina aiki aka fara manhajar shekara tara a 2008, ina nan aka sake mata fasali aka rage darussa, aka fara aiki da sabuwar a 2014. Akwai makarantar da na je bayan shekara biyu da wannan sauyi, na tambayi hedimasta ina kwafin sabuwar manhaja. Ya buɗe kabad ya ciro ta a cikin ledarta, ba a ko yage ba. Malamansa da tsohon littafin shirin darasinsu suke aiki, suna sauya kwanan wata kawai. To in yaran nan sun faɗi jarrabawa ka ce sabuwar manhaja ba ta da inganci, ai an bar jaki ana dukan taiki.

Ni dabarata ɗaya ce. Idan na shiga makaranta ba na fara karɓar rajistar da hedimasta ya shirya min. Aji nake shiga, in wuce bencin gaba, in karɓi littattafan rubutu biyar daga 'yan baya. In ƙirga ranakun da aka yi rubutu a cikin wata. Rajista za ta ce an kai mako na tara, littafin yaro ya ce tun mako na huɗu alli bai sake taɓa allo ba a wannan darasin. Littafin yaro ba ya ƙarya, don bai san zan zo ba.

Malam Nura Lissafi: Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ban musa ba. Amma littafi biyar a aji ɗaya ba zai gaya wa jiha komai ba. Dole a samu adadi.

Tsohon Sufeto: Adadin ma sai ka san abin da yake ƙirgawa.

Baban Hanif: Salam. Na daɗe ina karanta zauren nan ban tofa ba, yau dai an taɓo inda na ɗan sani. Ina zaune a jihar Jojiya ta Amurka, kusa da Atlanta, yarana uku suna makarantar gwamnati, kuma na taɓa zama a kwamitin iyaye lokacin da za a sauya littattafan Lissafi.

Tsarinsu ya bambanta da namu tun daga tushe. Ba su da manhaja guda ta ƙasa baki ɗaya. Jiha ce ke rubuta abin da ya kamata yaro ya iya a kowane aji, sannan gundumar makarantu ta zaɓi littattafai da hanyar koyarwa. Gundumomin nan sun kai wajen 13,000. Akasarinsu mutanen yankin ne ke zaɓen 'yan majalisar da ke kula da su, kuma wani babban kaso na kuɗin daga harajin gidaje yake fitowa. Shi ya sa mai gida yake jin yana da bakin magana, kuɗinsa ne.

Abin da na gani da idona: da za a sauya littafin, ba a sayo wa kowa lokaci guda ba. An kawo iri biyu, aka ba wasu makarantu wannan, wasu wancan, aka koyar na tsawon zango. Ana yi wa yara gajeren gwaji sau uku a shekara, farko, tsakiya da ƙarshe, don haka ba makin ƙarshe kaɗai ake kallo ba, ana kallon daga ina yaro ya tashi, ina ya kai. Jami'ai suna shiga aji na minti goma ko sha biyar su ga ko littafin ake bi da gaske, wato dai abin da Baba Sufeto yake yi da baburinsa. An tambayi malamai wanne ya fi sauƙin koyarwa. Sannan, wannan ya fi burge ni, ba sa yarda da jimilla. Sai sun rarraba sakamakon: 'ya'yan talakawa daban, masu buƙata ta musamman daban, waɗanda Ingilishi ba harshen gidansu ba ne daban, irin nawa ke nan. Don jimilla tana iya yin kyau alhali wani rukuni yana nutsewa. Daga ƙarshe aka kai gaban majalisa a zaman da kowa ke iya shiga ya yi magana.

Kar ku ɗauka aljanna ce. Kamfanonin littattafai suna da nasu zawarcin, kuma unguwar masu kuɗi ba ɗaya take da ta talakawa ba.

Malam Nura Lissafi: To ka gani! Su ma gwaji ne dai ƙashin bayan abin. Na gode Baban Hanif, ka kawo min hujja daga ƙetare.

Baban Hanif: Malam Nura tsaya tukuna, ban gama ba 😄 Garin da nake kusa da shi ne ya fi ko'ina shan kunya a kan wannan magana.

A farkon 2002 Shugaba Bush ƙarami ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwada yara kowace shekara a Karatu da Lissafi daga aji uku zuwa aji takwas, kuma makarantar da ta kasa ci gaba tana fuskantar hukunci, har a iya sauya shugabanninta. A Atlanta sai sakamako ya riƙa hawa kamar an hura balan-balan. Aka yi ta yabo, har shugabar makarantun birnin ta samu lambar yabo ta ƙasa a 2009. 'Yan jarida ne suka fara cewa hawan nan ya wuce hankali. Da aka duba takardun amsa, sai aka ga an goge amsoshi da yawa, kuma kusan duk gogewar daga kuskure ce zuwa daidai. Rahoton binciken jiha na 2011 ya ambaci malamai da shugabannin makarantu 178 a makarantu 44. A 2015 kotu ta samu mutum 11 da laifi, wasu suka tafi gidan yari. Ita shugabar ta rasu kafin a yanke hukuncin. A ƙarshen wannan shekarar aka maye gurbin dokar da wata, aka sassauta wa jihohi.

Yaran da aka gyara wa amsa fa? An rubuta sun iya, don haka ba wanda ya ba su taimakon da suke buƙata.

Maman Ikram: Innalillahi. Ashe har can akwai mirakul santa, cibiyar satar amsa.

Kofa Auwal: Bambancin kawai su an ɗaure wasu 🙈

Maman Ikram: Ni ba malama ba ce, uwa ce, wata ƙawata ta sa ni a zauren nan. Ku yi haƙuri in faɗi tawa. 'Yata ta zo ta uku a ajinsu, kati cike da jan biro na yabo. Rannan aka kawo mana katin ɗaurin aure da Hausa, hannuna da ƙullu na ce ta karanta min. Ta tsaya tana kallon takarda tana kallona. Amma ka ce ta kawo jihohi 36 da manyan biranensu, kafin ka ƙifta ido ta gama, har da waƙa. Tun ranar na daina duba na nawa ta zo. Don Allah Malam Nura, wannan a wane adadi za ta shiga?

Malam Nura Lissafi: Hajiya, wannan jarrabawar cikin gida ce, ita na ce ba a dogara da ita. Amma zan yarda da abu ɗaya: WAEC tana zuwa a makare. Yaron da ya kasa karatu a aji biyu na firamare, sai bayan shekara goma za ta ba mu labarinsa.

Malam Bello Sakkwato: Madalla da Malam Nura ya kawo kanshi inda nike jira. Abin da Maman Ikram tac ce shi na ainihin gwajin da anka yi muna nan Sakkwato da Bauchi, da tallafin hukumar agaji ta Amurka, USAID. Ba takarda aka rabawa ba. Yaro guda guda aka kira, a zauna da shi gindin icce, a aza agogo minti guda. Shi faɗi sautin haruffa, shi karanta gaɓoɓi, shi karanta kalmomin da ba su da ma'ana don a gane ko haɗa baƙi da wasali ya iya ko hadda ta, sannan ɗan gajeren labari da tambayoyi. Da Hausa fa, harshen da yaro ka mafarki da shi. Da sakamako ya fito, mafi yawan 'yan ƙananan azuzuwa ko kalma guda ba su karanta ba. Mu malamai munka ji kamar ƙasa ta tsage mu shige.

Abin da ya biyo baya shi na darasin. Tsakanin 2014 da 2015 anka yi bincike mai suna RARA. Anka raba makarantu gida biyu, wasu anka ba su sabbin littattafan Hausa na aji biyu da horon malamai da masu zagayawa suna dubawa, wasu anka bar su yadda suke. Anka gwada yara kafin a fara, anka sake gwadawa a ƙarshe. Wajen sanin sautin haruffa bambancin ya fito sarai. Wajen karanta labari gaba ɗaya an samu ci gaba, amma ba mai yawa ba. Kuma ba a ɓoye hakan ba. Daga nan anka faɗaɗa abin cikin shirin Mu Karanta. Katsina da Zamfara su ma sun yi irin nasu, RANA, tare da UNICEF.

Ni abin da na riƙe: in ba ka da makarantar da za ka kwatanta da ita, kuma ba ka san inda yara sunka tashi ba, duk abin da ka ce game da manhaja hasashe na. Damuwata guda, kuɗin baƙi anka yi aikin da su. Yanzu da anka rufe USAID a 2025, wa zai riƙa aza agogon?

Tsohon Sufeto: Bello, agogo ai yana hannun kowa yanzu, kowace waya tana da shi. Niyyar ce ta yi ƙaranci. Kuma wanda zai gwada kada ya zama wanda za a hukunta in sakamakon ya yi muni, in ba haka ba mun koma Atlanta.

Baban Hanif: Baba ya faɗi daidai, kuma suna da irin wannan. Akwai gwajin ƙasa da ake kira NAEP, tun 1969 ake yin sa. Ba kowane yaro ake gwadawa ba, samfuri ake ɗiba. Ba a fitar da sakamakon yaro ko na makaranta, don haka ba wanda zai ci riba in ya yi maguɗi. Da shi ake kama jihar da nata gwajin ke cewa komai lafiya alhali ba haka ba. Da shi kuma aka ga abin da ya faru a Misisifi, ɗaya daga cikin jihohi mafi talauci. A 2013 ita ce ta 49 a karatun 'yan aji huɗu. A shekarar suka yi doka: a koyar da karatu ta hanyar sautin haruffa, a horar da malamai, a tura masu taimaka musu cikin aji, a gwada yara tun suna ƙanana, kuma wanda bai iya karatu ba a ƙarshen aji uku ya maimaita. A 2019 ta dawo ta 29, a 2024 ta 9.

Malam Nura Lissafi: To in ka hana raunana shiga aji huɗu, sannan ka gwada 'yan aji huɗu, ai dole maki ya hau. Ni malamin Lissafi ne, ba a yi min wannan wayon.

Baban Hanif: Wallahi wannan sukar har masana can sun yi ta, kuma ana ta jayayya a kai. Masu kare su na cewa yaran da suka maimaita ai daga baya suna shiga aji huɗun a gwada su, kuma hawan ya ɗore shekara da shekaru. Amma ka lura da abin da ka yi yanzu? Kai da ka ce a jera adadi a duba, kai ne ka fara tambayar wa aka ƙirga, wa aka bari 😄

Malam Nura Lissafi: Ka kama ni. Amma ban sauka daga kan bakana ba gaba ɗaya.

Malama Hadiza: Tunda an zo nan bari in fito da abin da ke cina. A ƙarshen 2022 gwamnatin tarayya ta amince a koyar da yara da harshen uwa a shekaru shida na firamare. A Nuwamban 2025 ministan ilimi Tunji Alausa ya sanar an soke, an koma Ingilishi, kuma hujjar da aka bayar ita ce yawan faɗuwa a WAEC da NECO da JAMB a yankunan da suka rungumi harshen uwa. Malam Nura, kai ne mai lissafi. Yaron da ya shiga aji ɗaya a 2023, aji nawa yake a 2025? Wanda ya zauna WAEC a 2025 kuma, yaushe ya shiga firamare? Wajen 2013 fa. Ta yaya sakamakonsa zai zama shaida a kan tsarin da aka kawo yana sakandare?

Malam Nura Lissafi: Lissafinki daidai ne, amma ki yi adalci. Koyarwa da harshen uwa a ƙananan azuzuwa ba a 2022 ta fara ba, tana cikin manufar ilimi ta ƙasa tun 1977. Kuma kowa ya san a makarantunmu na gwamnati har sakandare da Hausa ake bayani. Ni ina karɓar yara a aji ɗaya na babbar sakandare da sun iya lissafin, amma ba su gane abin da tambayar ke nema ba saboda Turanci. Wannan ciwo ne na gaske, kullum ina ganinsa.

Tsohon Sufeto: Nura, abin da kake gani ba koyarwa da Hausa ba ne. Littafi da Turanci, rubutun allo da Turanci, jarrabawa da Turanci, sai malami ya juyo ya fassara da baki. Yaro bai koyi karanta Hausa ba, bai koyi Turanci ba. Wannan ita ce manhajar cikin leda da na ba ku labari. Wanda yake son ya ga an gwada abin da gaske ya nemi labarin aikin Ife na marigayi Farfesa Babs Fafunwa, wanda aka fara a 1970. An koyar da wasu yara da Yarabanci shekara shida, Ingilishi yana matsayin darasi a hannun ƙwararrun malamai, aka kwatanta su da waɗanda suka bi tsarin da aka saba. Ba su gaza a Ingilishi ba, a wasu darussan ma sun fi. Ana iya sukar aikin, a ce an ba su gata na musamman. Amma dai an gwada, an kwatanta, an bi yaran shekaru.

Mushe Lawali Damagaram: Gaisuwa ga malamai na Najeriya. Mu nan Nijar tun 1973 aka buɗe lakwal, wato makaranta, ta gwaji mai koyarwa da Hausa da Faransanci a nan Damagaram. Ku duba, fiye da shekara hamsin, kuma shekaru da yawa sunanta bai wuce "gwaji" ba. To akwai ciwon soke abu ba a auna ba, akwai kuma ciwon a yi ta aunawa ba a yanke shawara.

Abin da ya girgiza mu shi ne PASEC, gwajin da ƙasashe masu amfani da Faransanci suke yi tare. A na 2014, cikin yaran da ke ƙarshen firamare a Nijar, waɗanda suka kai matakin da ake so a karatu ba su kai ɗaya cikin goma ba. Ba wanda ya ji daɗi, amma ya sa aka koma kan tushe, karatu da lissafi a ƙananan azuzuwa, kuma a na 2019 an ga ci gaba. Yanzu da aka ayyana Hausa harshen ƙasa a 2025, mu mushe, wato malamai, muna jira mu ga ko littattafai za su biyo bayan takardar.

Kofa Auwal: Ni fa ina ganin duk matsalar malamai ce. Ba a Kaduna ba ne a 2017 aka ba malamai wajen 33,000 jarrabawar 'yan aji huɗu, 21,780 suka kasa? Wace manhaja ce za ta yi aiki a haka?

Malam Bello Sakkwato: Yaro, ka bari ka shekara guda kana koyar da yara ɗari a ɗaki guda, albashi na zuwa a makare, sannan ka dawo mu yi wagga magana. Kuma maki 75 cikin ɗari anka sa a matsayin ci, ka riƙa faɗin wannan ma.

Kofa Auwal: Allah ya ba da haƙuri Malam, ba raini ba ne.

Mai Kula da Zaure: Jama'a a yi hattara, kar mu karkata zuwa siyasar wane gwamna ya yi daidai. Tambayar Malama Hadiza ce a gabanmu, kuma Alhamis tana matsowa.

Tsohon Sufeto: To Hadiza, 'yata, ga abin da zan yi da ni ne. Gobe ki ɗauki rajistar aji uku da ta aji biyar. Kada ki bari malaman aji su zaɓo miki yara, za su kawo miki zakaru. Ki ƙirga, duk na biyar a jerin suna ki kira shi. Ki rubuta takarda guda: haruffa a sama, kalmomi a tsakiya, gajeren sakin layi, sai ɗan labari. Ki ga inda kowane yaro ya tsaya. Haka a lissafi: gane lamba, tarawa, ɗebewa, rabawa. Ba sabon abu ba ne, ƙungiyar Pratham ta Indiya ta daɗe tana yi, kuma irinsa aka yi a Wudil da Dawakin Tofa daga 2019 a shirin KaLMA, inda aka riƙa raba 'yan aji huɗu zuwa shida bisa abin da suka iya, ba bisa ajinsu ba. Sannan ki karɓi littattafan rubutunsu ki gwada da jadawalin zango. Kuma ki gaya wa malamanki tun farko ba sunan wanda za ki kai ofis.

Malam Nura Lissafi: Ki ƙara da sakamakon shiga sakandare na shekara uku, don Allah. Kar a watsar da shi kwata-kwata.

Malama Hadiza: Na dawo. Na yi yadda Baba ya ce, ni da mataimakina, jiya da yau. Yara 40 muka gwada, 20 daga kowane aji. A aji biyar, 6 ne suka karanta labarin har ƙarshe suka amsa tambaya, 5 sun tsaya a sakin layi, 5 a kalmomi, 4 ko haruffan ba su gama ganewa ba. Na aji uku ba zan rubuta a nan ba, sai na huce. Abin da ya fi ba ni mamaki wata yarinya ce da ke zama can baya, malaminta ya ce ba ta gane komai, ita ta fi kowa karatu. Na tambaye ta inda ta koya, ta ce yayarta ce ke koya mata da dare.

Littattafan rubutu kuma: jadawali ya ce muna mako na takwas, Lissafi ya kai na shida, Kimiyya na uku.

Malam Nura, na duba naka ma. Shekara uku a jere kusan duk waɗanda muka tura sun samu shiga sakandare. Ka haɗa wannan da na sama ka gaya min.

Malam Nura Lissafi: Hmm. Turo min takardar gwajin ta akwatina. Ina so in yi wa 'yan aji ɗaya nawa ranar Litinin.

Maman Ikram: Ni ma a turo min don Allah.

Kofa Auwal: To Malama a ƙarshe wane akwati kika cike?

Malama Hadiza: Ban cike ko ɗaya ba. Na rubuta "duba takardar da ke maƙale" a gefe, na haɗa sakamakon da takardar tasu. Wanda ya karɓa ya jujjuya ta, ya ce kwamfutarsu ba ta da gurbin wannan, sai dai in zaɓi ɗaya cikin huɗun. Na ce ya kai wa maigidansa haka nan, in ya ƙi karɓa a kira ni. Har yanzu dai wayata ba ta yi ƙara ba.